Daɓen Gareji Mai Numfashi

"…to ina wahala kuma, angona? Ko ita ma ba ka amsawa?"

"Da sauƙi, Hajo. Buɗe mani ƙofa."

"Ina mutanen Kambarawa? Ina ɗiyata, ƙafar ta sake ta?"

"Tun da safe kika tambaye ni, na ce maki kowa lahiya. Ƙofa, Hajo."

"Waccan gaisuwar safe ce, ta gama aikinta. Wannan ta marece ce. Ina rana?"

"Rana na gab da faɗuwa, ni kuma ina gab da suma."

Sagiru ne ke wannan magiya, yana tsaye a kan ɗan siminti da bai fi faɗin tabarmar salla ba, bayansa jingine da ƙofar ƙarfe, rolar fenti a hannu, bokiti a gindin ƙafarsa. Gabansa kuwa, har zuwa babbar ƙofar da ke fita titi, daɓen garejin kawunsa Alhaji Mahmud ne kwance baƙi wuluk, yana sheƙi kamar ruwan da bai taɓa motsi ba. Efoksi ke nan, wani ruwan roba da ake haɗawa daga gwangwani biyu a malala a kan siminti, in ya bushe ya koma kamar gilashi. A waya Sagiru ya koye shi, wajen wani Bature mai gemu wanda ko gumi ba ya yi. Shi ya hana a ɗauko masu aikin daga Kano, ya bugi ƙirji ya ce a bar masa. Kawu ya ce to, gobe zai iso daga Abuja da sabuwar mota. In daɓe ya yi kyau, zai haɗa shi da abokansa na GRA abin ya zama sana'arsa. In kuma ya ɓata, ya koma shagon hatsi ya ci gaba da ɗaure bakin buhu, kada ya ƙara zuwa masa da zancen waya.

A yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Ya share, ya kankare, ya wanke tabon baƙin mai, ya cike duk wata tsaga da rami tun jiya. Yau ya kulle babbar ƙofa saboda awakin Ƙofar Kwaya da ba su san mutuncin kowa ba, ya faro daga can yana ja da baya, don ya ƙare a bakin ƙaramar ƙofar da ke shiga cikin gida ya fice abinsa. Sai da ya zo ƙarshe, ya tura ƙofar da baya, ya ji ta gam. An sa mata kwado ta waje. Ya yi ta bugu, har fuskar kakarsa Hajo ta bayyana a 'yar tagar da ke jikin ƙofar, tsakanin ƙarafa, tana tauna goro da haƙoran da suka rage mata.

"Wa ya sa kwadon nan?"

"Ni, amaryarka."

"Da ni a ciki?"

"Yo ni na san kana ciki? Tun azahar ban ji motsinka ba, na ce halan ka gudu, kamar yadda ka gudo daga makaranta."

"Ban gudo ba, hutu na ɗauka."

"Hutun da ya yi gemu."

"Hajo, don girman Allah."

"Ƙofar ga, da la'asar ta yi sakaliya ake kulle ta, ba a buɗe ta sai rana ta hito. Duk ɗan gidan ga ya san haka. Kai da ba ka zuwa sai ka ji ƙamshin miya, ina za ka sani? Ga babbar ƙofa can, bi ka hita titi kamar mutumin kirki."

"In taka wannan?" Ya nuna daɓen da rola. "Ko ƙuda ya sauka a kansa yanzu, sawunsa na nan har jikokinsa su zo ziyara. Sai jibi ake taka shi."

"To kwana nan. In miƙo maka tuwo ta taga, kamar ɗan sarƙa."

Baturen waya yana da wani takalmi mai ƙusoshi a ƙasa, da shi yake yawo a kan ɗanyen efoksi ba ya barin sawu. Sagiru ya ce wannan iyayi ne kawai, bai nema ba. Yanzu ga shi da silifa. Abin da ya fi damunsa ma shi ne bokitin. Ragowar haɗin da ke ciki daidai wurin da yake tsaye ne, babu ƙari, daga Kano aka aiko da shi. Kuma da zarar an haɗa gwangwanin biyu ba ya jiran kowa, kauri yake yi yana daskarewa.

"Ke tsohuwa, kin san abin da kike wasa da shi? Wannan daɓen, in ya bushe, matan unguwar nan layi za su yi su zo shafa hoda a cikinsa."

"Daɓe? Mu da muka yi daɓe da makuba da madaɓi, muna waƙa, har ɗaki ya yi santsin da kaza ke zamewa? Kai ka zuba kwalta a ɗakin mota ka ce ka yi daɓe."

"Ai na sani. Ke da aka yi sunanki ranar da aka aza tubalin hasumiyar Gobarau."

"Na ji, na tsufa. A tsufan nawa kuma ni ce a waje, kai a ciki."

"Wallahi in na hito sai na sake ki."

"Ka sake ni da Sallar bara, ka dawo da daddare cin dambu. Mijin da ƙafafunsa kamar karan dawa, wa ke kukan sakinsa?"

Ta yi dariya, ta ɗaga dunduniya ta leƙa ƙasa ta tsakanin ƙarafan, don ta ga ƙafafun da take zagi. Ta daɗe tana dubawa. Taunar goron ta tsaya.

"Sagiru."

Ya ɗago kai. Ango take ce masa, ko mijin banza, ko mai kan gwanda. Rabon da ta kira shi da sunansa tun ranar da aka fita da gawar kakansa.

"Ina hudar da ke gindin ƙofar ga?"

"Wace huda?"

"Wadda ke da ɗan bututu a ciki. Kamar bakin kwalba."

"Au, wannan? Na gyara maku ita. Na cusa tsumma, na cike da kwaɓi na shafe. Ga ta nan ma ƙarƙashin silifana. Ramin ɓera a garejin Alhaji guda, ba ku jin kunya?"

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da hantsi."

"Innalillahi." Ta faɗa a hankali, ba irin ta wasa ba. "Ta kwana ba iska ke nan."

"Wa?"

Hajo ta waiga bayanta, tsakar gida babu kowa, sannan ta matso da bakinta jikin ƙarafan.

"Kafin mai motar ya yi motar da zai gina mata ɗaki, nan fili ne." Mai motar shi ne Kawu Mahmud. Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. "Kuma nan rijiyar gidan ga take. Kana tsaye a gefen bakinta."

Sagiru ya dubi ƙafafunsa, ya ɗan matsa baya, alhali babu bayan da ya rage.

"Ba mu kaɗai ke shan ruwanta ba. Akwai Maƙwabciya. Tun da aka kawo ni gidan ga na iske dokar, gugan farko na asuba ba namu ba ne, a jawo a mayar. Wata baƙuwa ta taɓa mantawa ta juye shi a randa. Da gari ya waye, duk randunan gidan ga a bushe, har gindinsu ya yi ƙura. Ba tsaga, ba yoyo."

"Wani ne ya sha da dare."

"Randa bakwai? Sai dai in kai ne, kuma ba a haife ka ba."

"Rijiya mai mazauni ai sai Daura, Hajo. Mu nan famfo muka sani."

"Da famfon ya zo, yara kuma suka yi yawa, kakanka Malam ya ce a rufe ta. Ya tsaya a bakinta ya yi sallama, ya gaya mata abin da za a yi, sannan aka gitta ƙarafa aka zuba siminti. Amma ya sa magini ya bar ɗan bututu. Ya ce a bar mata inda za ta sha iska. Ba mu taɓa yanka mata ko ɗan tsako ba, Malam ba zai yarda ba. Sallama ce kawai tsakaninmu, da iskar ga."

"Kulle ƙofar fa?"

"Da marece take hitowa. Mu ba mu shiga mata, ita ba ta shigo mana."

"To Allah ya kyauta. Ta yi katin ɗan ƙasa dai ko? Don yanzu ko aljani ne ba ya samun layin waya sai da shi."

Ya yi dariya shi kaɗai. Dariyar ta je ta bugi babbar ƙofa ta dawo masa da wata irin murya, kamar wadda ta fito daga tulu. Ya yi shiru. A cikin shirun ne ya ji wani abu ya ce ɓul.

A fuskar daɓen, gaba kaɗan da inda yake, wani ɗan ƙurji ya taso, kamar idon kifi. Ya miƙa sandar rola ya taɓa shi, ya fashe, wurin ya haɗe ya koma sumul. Bai janye sandar ba wani ya taso a gefensa. Sai wani. Sai wani can gaba, inda sandar ba ta kai.

"Mi ya faru, ango? Na ga ka daina baki."

"Ba komai. Iska ce ke hitowa daga siminti. Baturen ya faɗa, yana faruwa."

"To madalla da Bature."

Baturen ya faɗa, gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne ƙurajen su jeru. Waɗannan kuwa jeruwa suke yi, ɗaya na bin ɗaya, suna lanƙwasa, daga hagunsa su tafi su zagayo ta damansa. Kafin ya haɗiye yawu sun kusa haɗe da'ira, babba, wadda mutum biyu za su tsaya a cikinta su ja guga. Ko'ina a daɓen lafiya lau, sumul kamar madubi, ban da wannan zobe. Kuma ba a tsaye suke ba. Su kumbura gaba ɗaya, su ɗan lafa, su sake kumbura.

"Hajo."

"Na'am, mai gidana."

"Rijiyar… faɗinta kamar yaya?"

"Kai da ke kallonta kake tambayata?"

Wani ɗumi ya taɓa masa idon sawu. Ya duba, bokitin ne. Ya kai hannu ya janye da sauri, ya yi zafi kamar an sauke shi daga murhu, ga wani siririn hayaƙi na tashi daga cikinsa. Wannan ma ya san shi, haɗin in ya daɗe a bokiti zafi yake yi kafin ya daskare. Amma sanin bai hana tsikar jikinsa tashi ba, ganin hayaƙi a inda babu wuta, a ɗakin da haske ke janyewa. Warin robar ya cika masa kai.

"Kin ga, bar wasa. Haɗin nan zai mutu. In ya mutu wurin ga ya zauna tsirara, Kawu ya zo ya iske daɓe da faci. Buɗe in hita in zuba."

"Buɗe mata, in buɗe maka."

"In huda daɓen? Da hannuna? Wa ya taɓa ganin efoksi da rami? Kawu na shigowa abin da zai fara gani ke nan, ya ce ga aikin ɗan waya. Shi ke nan na koma buhu."

"Ai buhun ya fi dacewa da kai, ku biyun ba ku tsayuwa sai an jingina ku."

"Ke kuma Allah ya sa aljanar ta ce ke take so, ku tsofaffi ku ƙarata."

"Kul! Ba a kiranta da wannan sunan. Maƙwabciya."

"Maƙwabciyar da ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki?"

"Wa ya ce maka ba ta zuwa? Ranar sunanka wa ya hana ka kuka da aka yi maka aski? Kowa na ta mamaki, jariri na kallon bayan wanzami yana dariya."

"Ƙarya kike, Hajo."

"Ƙarya nake."

Yadda ta amsa ɗin, ba musu, ya fi komai tayar masa da hankali.

Ya mayar da ido kan daɓen don ya ga ko ƙurajen sun tsaya. Hasken da ya rage duk ta 'yar tagar yake shigowa, ya faɗa a tsakiyar zoben. A cikin baƙin sheƙin nan Sagiru ya ga tagar a kife, da ƙarafanta, da inuwar kan Hajo da ɗankwalinta. Ya ga nasa kan a ƙasa da nata. Sai kuma ya ga na uku, a gefen nasa, ya ɗan karkata kamar mai leƙen abin da ke cikin bokiti.

Ya juya da ƙarfi har gwiwar hannunsa ta bugi ƙofa. Bango ne kawai, da igiyar wutar da ba a gama haɗawa ba.

"Wa ke tare da ke a nan?"

"Ni kaɗai. Duk sun tahi gidan rasuwa, sai bayan isha'i. Mi ya sa?"

"Ba komai."

Bai ƙara duban tsakiyar zoben ba. Ya ce wa kansa warin roba ne, ai an ce a buɗe tagogi, shi ya rufe. Ya ce wa kansa inuwar rola ce. Sai ya tuna rolar na hannunsa, a ƙasa. Daga nesa wani masallaci ya fara gyaran lasifika, ana hura ta ana ƙwanƙwasawa. Jemagu suka fara wucewa ta saman gidan. Ɓul, in ji daɓen. Ɓul. Yanzu ƙurajen sun fara shiga cikin zoben, manya, in suka fashe sai su bar ɗan gurbi da ba ya haɗewa da wuri, don efoksin ya fara kamawa. Ya gane cewa in suka ci gaba haka, ko an buɗe masa ƙofa daɓen ya tashi daga aiki, gobe Kawu zai iske zobe na tabo a tsakiyar garejinsa kamar an yi wa ƙasa zanzana.

Huda ɗaya a gindin ƙofa, ko wannan.

"Na ji. Zan buɗe." Ya laluba aljihu ya zaro sukundireba.

"Haka kawai? Kamar mai buɗe kwalbar lemo? Ka toshe wa baiwar Allah hanci kwana guda, ka zo mata ba sallama?"

"To mi zan ce?"

"Durƙusa tukuna."

Ya durƙusa a ɗan wurin da ya rage, gwiwa ɗaya na gogar bokiti mai zafi.

"Ka ce, salamu alaikum, Maƙwabciya."

"Salamu alaikum… Maƙwabciya."

"Ni ne Sagiru, mijin Hajo na ƙarshe, kuma mafi muni."

"Ba ni faɗin wannan."

"To, mafi rowa."

"Hajo!"

"Ita ba ta son ƙarya, zaɓi ɗaya."

"Ni ne Sagiru, mijin Hajo, mafi… rowa."

"Na yi rashin hankali, don ba a raba da ni ba."

"Na yi rashin hankali." Ya tsaya. Muryarsa ta sauka da kanta, ba Hajo ta sa shi ba. "Ban sani ba ne. A yi haƙuri."



Ya kafa sukundireba ya fara ɓanɓarar kwaɓin. Ya bushe tun jiya, sai da ya yi ta sara yana fita ɓarɓashi-ɓarɓashi, yana tare su da tafin hannu kada su faɗa kan ɗanyen daɓe. Ladan ya ɗaga murya. Bakin bututun ya bayyana, da jelar tsumman da ya cusa, wata tsohuwar singiletinsa ce. Ya kama ta da yatsu biyu zai jawo.

Tsumman ya zame daga yatsunsa ya yi ƙasa. Ba faɗuwa ya yi ba. Tafiya ya yi a hankali, santala-santala, kamar yadda ake karɓar abu daga hannun yaro, har jelar ta shige duhu.

Sagiru ya bi bakin ramin da kallo. Sai wata iska ta fito ta bututun ta bugi fuskarsa, mai sanyi, mai ƙamshin sabuwar randa. Ta daɗe tana fita, doguwa, irin ajiyar zuciyar wanda aka sauke wa kaya. Hayaƙin bokitin ya kwanta gefe. Da ta tsaya, sai garejin ya yi tsit.

Ya ɗaga ido a hankali. Ƙurajen na lafawa ɗaya bayan ɗaya, suna nutsewa, baƙin ruwan na haɗewa a kansu. Wani sabo bai taso ba. Zoben ya dushe, ya dushe, har sai wanda ya san inda yake ne zai ce ya ga alamarsa.

Kwado ya yi ƙara a bayansa. Ƙofa ta buɗe, ya faɗo tsakar gida da baya, a gindin ƙafafun Hajo.

"Sannu da zuwa, ango. Ya hanya?"

"Bokiti!" Ya yi wuf ya tashi.

Daga bakin ƙofa ya durƙusa ya karkata shi. Haɗin ya yi kauri kamar zumar da ta kwana a sanyi, da ƙyar yake zuba. Ya bi shi da rola yana ja, yana lallashi, yana zagaye bakin bututun kada ko ɗigo ya shiga, har sabon ya haɗu da tsohon. Ya zauna a dokin ƙofa yana haki, yana kallon ɗan baƙin ramin da ya rage a gefen aikinsa.

"Tsakaninki da Allah, Hajo. Kin taɓa ganinta?"

"Ni? Ko sau ɗaya. A mi zan gan ta? Kai ne dai ka shimfiɗa mata madubi."

Ya dube ta. Bai gaya mata abin da ya gani ba. Ita kuwa ta juya ta shige ɗakinta, ya ji tana jan akwati. Ta fito da wani abu a tafin hannu tana goge shi da bakin zane. Ɗan marfi ne na tagulla, mai ƙananan huji kamar taurari, irin na kaskon turaren wuta.

"Ungo. Na kayan ɗakina ne, kaskon ya daɗe da fashewa. Ɗora mata tun bai bushe ba. Iska ta wuce, ido kuma ya samu abin kallo."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya miƙa ya ɗora shi a kan bututun, ya danna gefensa cikin efoksin a hankali. Ya zauna daram, ja a kan baƙi, kamar dama da shi aka tsara aikin. Sagiru ya karkata kai ya dube shi ta nan, ya dube shi ta can. Jini ya fara dawo masa fuska, bakin ma ya dawo.

"Kin san mi? Ce wa Kawu zan yi sabon yayi ne. Daga Dubai. Duk gidan da na yi wa a GRA sai na sa masu irinsa."

"Sai ka fara gina masu rijiyoyin."

"Ba zai gane ba, wallahi. Zai ɗauka ado ne."

"Mai motar? Shi da ya riƙe wa ubansa bututun ga ranar da aka rufe ta, yana ɗan yaro? Gobe kafin ya dubi sheƙinka nan zai fara dubawa. Da ya iske ka shafe ta, da ko zinari ka malala sai ka koma buhu."



"To mi ya hana shi gaya mani?"

"Ba a zancenta a gidan ga. Ni ma don ka toshe ne."

Ya dubi marfin, ya dubi tsohuwar da ke tsaye a kansa da makulli a hannu, ba ta kai kafaɗarsa ba in ya miƙe. Dariya ta ƙwace masa, irin ta wanda ya tsallake rami bai san da shi ba.

"Kin ci, amarya. Na janye sakin. Na janye na bara ma. Gobe da tsire zan zo, mai ƙuli, na ci amanar rowa!"

Hajo ta kai yatsa bakinta, tana dariyar ita ma amma ba sauti, ta ja ƙofar a hankali.

"Rage murya, mai kan gwanda. Yanzu ta samu barci."